Waɗanda Malam Bai Gani Ba

Litinin, 13 ga Satumba, da hantsi

Na tsinci wannan littafi a buhun kayan makaranta, rabinsa ya jiƙe, rabi ya tsira. An rufe makaranta, waɗanda ruwa ya kora ne ke kwana a ajujuwa. Tunda ba ni da 'yan aji uku da zan yi wa faɗa, bari in riƙa yi wa takarda.

Yau kwananmu huɗu a gidan Alhaji Isa. Shekara shida ke nan da ya koma Wurno ya bar shi a kulle. Da ya ji ruwa ya ci unguwarmu ta bakin fadama sai ya aiko da makulli, Allah ya saka masa da alheri. Ɗaki biyu ne da zaure, a kan tudu. Ni da maigidana Malam ɗaya, 'yarmu Uwaliya da jaririyarta A'isha ɗaya, don mijinta ya tsaya can wajen tono abin da ya saura. Ba zan rubuta maganar gidanmu ba. Na ga katangar ɗakina lokacin da ta zauna, wannan ya ishe ni.

Abin da Alhaji bai gaya mana ba shi ne gidan da 'yan haya a ciki. Kunamu! Duk wadda ruwa ya taso daga fadama nan ta nufo, ta tarar da danginta a tsagar bango. Ga shanshani, ga gara ta cinye ƙyauren zaure, ga kwaɗi sun kafa majalisa a gindin randa. Da kajinmu na nan da sun rage mana aiki, amma kaji sun bi ruwa.

Uwaliya ta ce tun da muka zo ba ta runtsa ba. Na ce mata ta ji kunya, 'yar Maccido mai kunama guda tana tsoron kunama. A takarda dai na iya kiran sunansa, ba mai jina.

Talata, 14 ga Satumba, bayan azahar

Ranar da aka kai ni gidansu, shekara talatin da ɗaya ke nan, uwarsa ta zaunar da ni. Na ɗauka maganar girki za ta yi. Sai ta ce, "Hauwa'u, gidan ga ba a kashe kunama." Gado ne: kakansa ya ba ubansa, ubansa ya ba shi. Ba ta harbinsu, su kuma ba su kashe ta, ranar da aka kashe ta a gidan kuwa alkawari ya warware. Ni da na fito kwalejin horon malamai da kaina a sama, na yi dariya a ciki. Amma har yau ban taɓa ganin ta harbe shi ba, kuma duk wanda ta harba daga nan har Rabah ƙofarmu yake nufowa.

Kullum gari ya waye sai ya yi zagaye. Ya kakkaɓe takalma, ya ɗaga tabarmi, ya jirkita tulu. In ya gan ta sai ya kai yatsu biyu ya ɗauke ta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ya jefa a gwangwanin madara, ya kai bayan gari ya juye. Har da hira yake yi da su.

"Malama, ɗauko gwangwani, mun yi baƙi," in ji shi yau da safe. Tun ranar da aka ɗauke ni aiki yake kirana Malama, don tsiya. Ya durƙusa ya ce wa wata ƙatuwa, "Taho, hajiya, mu ma aro munka yi, ba mu da wurin sauke ki."

Ya kama shida. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, furfura ta cika ta, na ji ina sonsa kamar farko.

Laraba, 15 ga Satumba, da walaha

Ya kama huɗu. Ta biyar tana kan bango daidai kafaɗarsa, rana na haska ta, ya wuce ta. Gajiya ce. Duk mun gaji.

Alhamis, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce kofin ne ya cika ƙanƙanta. Uwaliya ta gitta ta tsakar gida ya kira ta Malama, ya ce ai tafiyarmu ɗaya. A can gidanmu bai taɓa tuntuɓe ba, ya san kowane lungu shekara talatin. Nan kuwa hannunsa na bin bango duk inda za shi. Na dube shi, ya ce wai yana duba ingancin ginin Alhaji ne.

Na ce, "Ya kag gan shi?"

Ya ce, "Ba laihi, amma maginin ya ci kuɗin banza."

Muka yi dariya. Ba komai ba ne.

Juma'a, 17 ga Satumba, da azahar



A'isha watanta tara, rarrafe take yi kamar an biya ta, kuma duk abin da ta gani baki take kai shi. Yau Malam ya gama zagayen ɗakinsu ya fito ya ce, "Ɗaki ya yi tas, a aje yarinya." Ya ɗauki gwangwani ya fita. Uwaliya ta ajiye ta ta tafi wanka. Na shiga ɗauko faifai, muciya na hannuna don na ɗora tuwon rana. Ina ɗaga faifan sai ga ta, ja, ta ɗaga ƙari sama. Tsakaninta da hannun A'isha bai kai taki ɗaya ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Bugu ɗaya na yi.

Na kwashe ta da tsintsiya na binne cikin toka a bayan murhu. Na wanke muciyar sau uku. Ya dawo ya ci tuwon har ya nemi ƙari, ya ce yau hannuna ya faɗa daidai. Ni ko loma ɗaya ban iya haɗiyewa ba.

Asabar, 18 ga Satumba, da safe

Shi ya kama uku, ni na kashe biyu.

Lahadi, 19 ga Satumba, bayan la'asar

Junaidu ya kira daga Sakkwato. Ɗanmu ne na biyu, kuma shi ya kwaso taurin kan ubansa kaf. Ya ce zai aiko da fiya-fiya a yayyafa a gidan nan kowa ya huta. Malam ya karɓi wayar ya ce, "In aike kaka so, aiko da goro. Gubarka kau, riƙe abinka." Ya miƙo mini wayar, amma can gefe ya miƙa ta, sai da na matsa na karɓa.

Junaidu ya rage murya ya ce, "Inna, ya jikin Baba? Wancan zuwa da nay yi, na lura kamar..."

Na ce ba na jinsa, sabis ya ɗauke. Na kashe wayar. Sabis lafiyarsa lau.

Litinin, 20 ga Satumba, da hantsi

Turai mai fura, maƙwabciyarmu tun a can ƙasa, ta shigo da ɗingishi tana kiran sunan uwarta da ta rasu tun zamanin da ake gina madatsar ruwa. Ta sa ƙafa a takalmi ba ta kakkaɓe ba. Mata suka biyo ta, tsakar gida ta cika. Malam ya zaunar da ita a kan turmi, ya kama ƙafa, ya ɗaure da tsumma a ƙasan gwiwa, ya fara tofi.

Turai ta ce, "Wayyo Malam, ba wagga ta ba! Ɗayar ta!"

Mata suka dubi juna. Shi ko gezau. Ya ce, "Na sani. Ita nika hwara lallashi, kat ta ce an yi mata wariya."

Aka fashe da dariya, har da Turai, hawaye na zuba tana ƙyaƙyatawa. Ya kama ɗayar, ya bi ta da babban yatsa a hankali har ya taɓo wurin da ta yi ƙara. Da can daga tsaye yake hango bakin harbin. Ya yi ta matsawa ƙasa yana addu'a, yana tambayarta kuɗin gero a kasuwar Goronyo, har ta manta da kuka ta shiga zagin 'yan kasuwa.

Ni na koma bayan ɗaki na kama dakan da ba a sa ni ba.

Talata, 21 ga Satumba, da safe

Shi biyu, ni huɗu. Tokar bayan murhu ta fara tudu.

Laraba, 22 ga Satumba, bayan azahar

Ban san abin da ya sa na tuno da surukina Malam Halilu yau ba. Ina amarya wani mutum ya zo kasuwa da jaka da allurai, ya ce yana gyara ido. Aka zaunar da tsohon a gindin tsamiya, aka riƙe masa kai. Ya gani kwana tara, har ya yanka rago don murna. Daga nan sai duhu, shekara goma sha ɗaya. Malam ne ke jansa da sanda zuwa masallaci, sau biyar a rana, bai taɓa yin tsaki ba. Ranar da aka dawo daga jana'iza ya karya sandar a gwiwa ya sa a murhuna. Ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, duk wanda ya bari aka taɓa masa ido bai yafe ba.

Shi ke nan. Tunowa kawai na yi.

Alhamis, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Yau mun yi yaƙi. Uwaliya ta warware kallabinta shanshani ya faɗo, ta yi tsallen da tun tana 'yar shekara bakwai ban ga ta yi ba. Muka fitar da komai rana. Muka sa ƙafafun gado a gwangwanaye da ruwa, muka janye shi daga jikin bango, muka rataye takalma a ƙusa. Na kwaɓa laka da kashin shanu zan liƙe tsagogin bango, Malam ya ce atabau sai an yi sallama. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da kara yana cewa, "Mai hita shi hita, za a ruhe ƙohwa." A'isha na bayan uwarta tana yi masa dariya da haƙora biyu.

Da ya tafi masallaci na ga ɗaya ta fito daga inda ya ƙwanƙwasa. Na gama da ita ke nan na juya, sai ga Uwaliya tsaye.

"Inna!"

Na ce, "Mi kinka gani?"

Ta dubi muciya, ta dubi 'yarta. Ta ce, "Ban ga komi ba."

"Haka nika so."

Ta kama mini kwashewa. Can ta ce, "Inna, har yaushe?" Na ce ta je ta duba wake kada ya ƙone.

Asabar, 25 ga Satumba, da safe

Shi ɗaya, ni uku. Lafiya lau muka kwana. Ba komai.

Lahadi, 26 ga Satumba, bayan magariba

Ruwa ya fara ja. Ya ce zai je ya dubo inda zai yayyafa irin albasa, wai in raka shi in sha iska. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa cewa in sha iska ba. Ya ce in sa silifas ɗin nan nawa mai ƙara, wai ya fi yi mini kyau. Na shiga gaba, fat, fat, fat, yana biye. Mutane suna ta kallon Malam Maccido yana bin bayan matarsa. Na bi hanyar da ba ramuka, ko da ta fi nisa.

Muka wuce ta gaban gidanmu. Bai waiwaya ba. Ni ma ban ce masa ga shi ba.

A gona ya durƙusa ya damƙi ƙasa ya murza, ya shinshina. Ya ce, "To Malama, in gwada iliminki. Ya kinka ga wurin?" Na faɗa masa: yashi ya rufe gefen gabas, kwarin tsakiya da sauran ruwa, giginyar kan iyaka tana nan tsaye. Ya ce, "Kin ci. Haka nag gani ni ma."

Allah, ka ga mutumin nan. Ka san bai taɓa cutar ko kiyashi ba.

Talata, 28 ga Satumba, da walaha

Ya girgiza gwangwani ya ce, "Kin gani? Sun ragu. Sun san wa ad da gida." Na ce ƙwarai kuwa.

Shi ɗaya, ni uku. Ashirin da uku ke nan a hannuna.

Ni da na yi wa maganar uwarsa dariya, yanzu duk ya kai hannu ƙasa sai numfashina ya tsaya. In alkawarin gaskiya ne fa? In na warware masa shi bai sani ba? In na daina, ga A'isha. In na faɗa, sai na faɗi dalili, dalilin kuwa ba zai fito daga bakina ba.

Alhamis, 30 ga Satumba, bayan magariba

Ya faru.

Bayan la'asar ne. Muna ɗakin Uwaliya mu duka saboda yayyafi. A'isha na kan tabarma tana wasa da ludayi, Malam na zaune kusa da ita. Sai Uwaliya ta ƙwalla ƙara, "Baba, ga ta nan, gun ƙahwarta!" Baƙa ce, irin manyan nan, daga rufi ta faɗo. Ina can bakin gado, muciya na madafa.

Ya kai hannu inda ya ji motsi. Ba yatsu biyu ba, tafin hannu duka ya kifa mata ya dunƙule. Na ga kafaɗarsa ta zabura, sau ɗaya, sau biyu. Bai saki ba. Ya miƙe tsaye da ita a hannu, gumi ya karyo masa, ya juya dama, ya juya hagu, ya tsaya yana fuskantar bango.

Ya ce, "Kulu, ina ƙohwa?"

Rabon da ya kira ni Kulu tun kafin a haifi Junaidu. Na kama hannun rigarsa na fitar da shi, ta tsakar gida, ta zaure, har waje. A can ya buɗe hannu ya yar da ita cikin ciyawa. Da ranta ta tafi.

Hannu ya kumbura har gwiwa. Ma'aikacin lafiyar da ke duba mutane a makaranta ya zo ya yi masa allura. Turai ta shigo da gudu, ta ɗaure masa damtse da gefen zanenta, ta kama ɗaya hannun mai lafiya ta ce, "Bari in hwara lallashin wanga." Ya yi dariya haƙora a cije. A'isha ko ƙwarzane babu.

Ni ce. Ni na jawo masa.

Juma'a, 1 ga Oktoba, da hantsi

Ban iya riƙewa ba. Na kai masa kunu, na durƙusa, na ce, "Malam, ka yahe mani. Ni naw warware alkawarin. Ashirin da ukku nak kashe, suna bayan murhu." Kuka ya ci ƙarfina.

Sai na ji gadon na girgiza. Na ɗaga kai, ashe dariya yake yi.

Ya ce, "Ashirin da biyu na ƙidaya. Ɗaya ta wuce ni."

Na saki baki.

"Ido na yat tahi, Kulu, ba kunne ba. Kullum in na hita sai in tsaya zaure. In ji ƙwas, in ji ƙwas. In ce to, Malama na bin aikina da jan biro."

Na ce, "Kana ji, ba ka hana ni ba?"

"In hana ki, in ce mi? In ce ina gani?"

Ga shi ya faɗa. Shi ya fara faɗa, ba ni ba.

Ya laluba ya kama hannuna da mai lafiyar. Ya ce bari ya gaya mini maganin, tunda na kai shekarun sani. Yana ɗan shekara goma sha biyu ubansa ya kai shi bayan rumbu, ya ɗauka saiwa za a ba shi ya sha. Sai tsohon ya ɗaga dutse, ga kunama, ya ce, duba ta. Suka zauna suna dubanta har rana ta yi tsaka.

"Yac ce, ka ga inda taka kai ƙarinta? Sama da gaba. Ta baya za ka zo mata, ka kama gaɓar ƙarshe. Shi ke nan maganin, ido da natsuwa. Addu'a kau addu'a ta, Allah ka warkarwa."

Na ce, "To hana kashewa hwa?"

"Mai kashewa ba shi tsayawa shi duba, bugu ɗai shika yi. Kuma Baba mutum na mai tausai." Ya matse hannuna. "Ba ke kinka ja mani ba. Ban gan ta ba na. Na kusa shekara biyu ba ni ganin huskarki sosai, sai dai inuwa mai hwaɗa."

Na ce inuwa mai faɗa ta gode. Na sha kunun da na kawo masa ban sani ba.

Lahadi, 3 ga Oktoba, bayan azahar

Kumburi ya sauka. Tun safe yana zaune a zaure. Da na kai masa ruwa ya ce, "Ranar nan kunama ta, Uwaliya ta yi ƙara na kai hannu. In gobe bakin rijiya na hwa, ba kowa kusa?"

Na ajiye masa ruwan a gabansa.

Ya ce, "In sunka taɓa idon ya mutu gaba ɗai, kamar na Baba?"

Na ce, "In ya mutu, ni as sandar. Ni kau ba ka iya karya ni ka sa murhu."

Ya daɗe yana murza gemu. Sannan ya ce in kira masa Junaidu. Ya karɓi wayar ya ce, "Kai, je ka tambayo mani likitocin nan naku. Gindin tsamiya suka yi, ko ɗaki garesu?" Ina jin Junaidu daga nan yana cewa Alhamdu lillahi.

Litinin, 4 ga Oktoba, da safe

An ɗora ni a makarantar kamun kunama. Ya ce hannu sai an shekara ana duba, don haka da kara biyu zan fara. Na ɗaga tulu, ga ta. Ya ce, "Kak ki yi sauri. Hwaɗa mani ina ta dosa." Na faɗa. "To zo mata ta baya." Sau uku tana suɓucewa, ina ihu, Uwaliya na kan gado da 'yarta tana ba da umarni. A na huɗu ta shiga gwangwani. Ya ce ya ba ni huɗu bisa goma, saboda ihu.

Alhamis, 7 ga Oktoba, Sakkwato, bayan la'asar

Likitar mace ce, ba ta kai Uwaliya ba. Ta haska masa fitila ta ce yanar ido ce, ta rufe duka biyun. Yana. Ga shi na rubuta, takardar ba ta ƙone ba. Ta ce za a fara da na dama ranar Litinin. Ta ce an bar shi ya daɗe, ba za ta yi alkawari ba, amma tana da kyakkyawan zato. Ya tambaye ta ko za a riƙe masa kai. Ta ce a'a Baba, kwanciya za ka yi. Ya ce mata shi ma likita ne, na kunama, sai dai shi ba a ba shi farar riga ba.

Muka kama hanyar komawa ɗakin Junaidu. Hannun Malam na riƙe da gefen mayafina.

Litinin, 11 ga Oktoba, da hantsi

Sun shiga da shi. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko.

Talata, 12 ga Oktoba, da azahar

An cire bandeji. Ya yi ta ƙifce-ƙifce, hawaye na zuba. Likita ta ɗaga yatsu ta ce nawa, ya ce haske dai yake gani, ya yi yawa. Ta ce a yi haƙuri, sai a hankali. Ta ba shi baƙin gilashi da maganin ɗigawa, ta hana shi sunkuyawa da ɗaukar kaya. Ban tambaye shi ko yana ganina ba. Shi ma bai ce ba.

Alhamis, 14 ga Oktoba, gida, bayan la'asar

Mun dawo. Turai ta kawo fura da kaza mai 'ya'ya biyar, ta ce su taya mu aikin kunama. Malam ya ce kaza ba ta cikin alkawari, ta ci rabonta. Yana zaune a ƙofar ɗaki da baƙin gilashi kamar babban ɗan kasuwa, A'isha na ta ƙoƙarin fizge shi. Ina ɗiga masa magani sau huɗu. Duk na tambaya ya ido, sai ya ce da sauƙi. Haka ubansa ma yake cewa.

Zagayen safe ya dawo hannuna. Yau biyu, duk da ransu.

Asabar, 16 ga Oktoba, da hantsi

Na fito da gwangwani da karana biyu. Yana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, ya cire gilashin yana gogewa da bakin riga. Na jirkita randa, ga ɗaya. Na natsu, na zo mata ta baya, ban yi ihu ba, na jefa ta ciki. Na miƙe ina jin kaina, zan mayar da randa.

Ya ce, "Tsaya, Malama. Hagunki, gindin bango. Akwai wata 'yar ƙarama, kalar ƙasa."

Na duba. Tana nan, ba ta kai ɗan yatsan A'isha ba, ta lafe a jikin laka. Daga inda yake zaune zuwa wurin ya fi taku shida.

Na tsaya da gwangwani a hannu, na kasa juyowa. Ya ce, "To kama ta mana, kuka ba shi kama kunama."

Ni ɗaya, shi ɗaya. Ban gan ta ba. Shi ya gani.